Baƙi a Kan 'Yar Fari

Har yau ban taɓa kiran babbar 'yata da sunanta ba. Haka muka taso muka tarar: 'yar fari ta kaka ce, uwa sai dai ta kalle ta ta wutsiyar ido. In zan aike ta sai in ce "ke", in kuwa tana cikin ƙannenta in ce "ku turo mini yayarku". Ita ma ba ta ce mini Mama. Anti take kirana, don abin da ta ji ƙannen babanta suna faɗa ke nan tun tana rarrafe, kuma ba wanda ya ga abin gyarawa a ciki. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, amma sai da ƙwarƙwata ta sauka a kan yarinyar nan kafin na san yadda ƙeyarta take.

Kada wani ya ce ba na sonta. Ina sonta har ina jin tsoron yawan son. Sai dai in ta yi zazzaɓi ba ni da bakin tambaya, sai in yi ta kai da kawo a ƙofar ɗakinsu kamar ina neman tsintsiya, ina kasa kunne. Kakarta, mahaifiyar maigidana, ita ce mai ita. Tun daga yaye ta ɗauke ta, ɗakinsu ɗaya, ita ke mata wanka da tsifa da kitso, ita ke tsaya mata in ta yi laifi. Ni kuwa ina can bayan gida da kaskon suyar gyaɗa, don sana'ata ke nan, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ƙannenta biyu maza ne, su wanzami ya ɗauke mini nauyin kansu. Yarinyar tana aji uku na firamare sai tsohuwa ta tafi Mashegu wankan jegon matar autanta. Ta ce arba'in kawai za ta yi. Doya ta yi mata daɗi, sabon jika ya yi mata daɗi, arba'in ta miƙe ta ƙi ƙarewa. Sai kan yarinyar ya koma hannun mai kitson layinmu.

Mai kitson nan mutuniyar wajen Rijau ce, aure ya kawo ta Kontagora. Kirista ce, ranar Lahadi ba ta taɓa kan kowa sai an taso daga coci. Maman 'yan biyu ake ce mata. Hausarta ta koyo ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, amma hannunta ba ya kuskure. In ta kama kai ta yi ƙananan nan nata, sai a yi wata da kwanaki kitson bai tsufa ba. Abin da ya sa nake sonta ke nan, in tura yarinya sau ɗaya in huta.

Da damina abin ya fara. Yarinyar da ba ta da hayaniya ta zama mai saurin kuka. Malamar Islamiyya ta aiko cewa gyangyaɗi take a aji. Da safe ta fito idanu jajir, ka tambaye ta ta ce ba ta yi barci ba, ka ce me ya hana ta, ta yi shiru. Sannan ga wani abu da ta tsiro da shi: tana cikin shara ko wanke-wanke sai ta tsaya cak, ta ƙura wa wuri ɗaya ido, ta ɗaga hannu ta bubbuga kanta da tafi ta saman ɗankwali, ta sake bubbugawa, sannan ta ci gaba da aikinta. Duk macen da ta taɓa yin kitso ta san haka ake lallashin ƙaiƙayi don kada kitso ya lalace. Ni ma na sani. Na ce amosani ne, na saya mata mai na ce ta riƙa shafawa. Wata rana ta duƙa tana hura mini wuta sai na hango kumburi biyu a bayan wuyanta, ƙanana, kamar ƙwayar gurjiya. Daga inda nake tsaye na ce, "Ke, da zafi?" Ta ce, "Kaɗan, Anti." Ban taɓa wurin ba.

Dole in tsaya nan in faɗi wani abu, in ba haka ba za a ɗauke ni marar hankali. A ƙauyenmu, can wajen Auna, ina da ƙanwa mai bi mini. Farfaɗiya gare ta. Yanzu ne na san ciwo ne da ake shan magani a kansa. A lokacin iskoki aka ce. A gidanmu kuwa ba a kiran sunansu, kada su ji su amsa. "Baƙi" muke cewa. In ta faɗi sai Innarmu ta ce, "Baƙinta sun zo, ku matsa." Mu kuwa mu matsa. Kafin su zo takan tsaya cak ta ƙura wa wuri ɗaya ido. Ba mai ci a kwanonta, ba mai kwana a tabarmarta, mai kitson ƙauyen ma ta ce ba za ta taɓa kanta ba, har gashin ya dunƙule aka aske shi. Wata damina ta je wanki bakin rafi ita kaɗai, suka zo mata a can. Ruwan da ya ci ta ko gwiwa bai kai ba. Da wannan na girma, da shi na yi aure, kuma duk haihuwar da na yi sai na yi ta kallon jaririn ina addu'a.

To, ranar wata Asabar na tura yarinyar kitso. Ko gyaɗar da na zuba a kasko ba ta soyu ba sai ga ta ta dawo, ɗankwali ɗaure tamau, kai a ƙasa.

"Ta ce ba za ta yi ba. Wai ki je da kanki."

Na sauke kasko na zari mayafi. Ina tafe ina shirya abin da zan gaya mata, don ni magana ba ta kwana a cikina. Na tarar da ita a ƙarƙashin mangwaronta da kan wata a cinya, wasu mata suna jiran layi. Tana ganina ta ajiye tsinke, ta ja hannuna zuwa bayan ɗakin girkinta, ta leƙa hagu da dama, ta yi ƙasa da murya.

"Maman yarinya, yi haƙuri. Kan nan ba zan iya taɓa shi ba. Baƙi ne a ciki."

Faɗan da na ƙunso ya watse. Na dafa bango.

"Baƙi?"

"Baƙi. Da yawa. Ba yau suka zo ba, sun daɗe. Har sun haihu."

"Inna lillahi. Kin gan su?"

"Da idona. Na buɗe kitso ɗaya sai suka gudu, suka ɓuya. Ba su son haske. Na kitse wurin na rufe." Ta kalle ni da tausayi. "Ba ya barci da dare, ko? Lokacin suka fi damun shi. Jini suke sha."

"A ina ta gamu da su?"

"Wa ya sani? Makaranta, gidan biki. Daga kan wani suke hawa kan wani. Ke ma ki kula, in kin kai kanki kusa za su hau ki. Kada ya kwana da ƙannen shi."

Na tambaye ta ko ana rabuwa da su. Ta ce ana rabuwa, amma suna da naci, in aka bar ko ɗaya za su dawo. Ta ƙara da cewa ita ba za ta gaya wa kowa ba, in kwantar da hankalina, ba a kaina aka fara ba. Na yi mata godiya har da durƙusawa. A hanyar gida ina ce wa kaina ai dama mutanen Rijau sun san kan irin waɗannan abubuwa, suna ganin abin da mu ba ma gani. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda aka yi aljani ya tsaya aka kitse shi ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Na hana ta zuwa kusa da murhu, ita da take hura mini wuta kullum. Na hana ta zuwa rijiya. Ruwan wanka ma rabin bokiti nake zuba mata, in tsaya a ƙofar banɗaki ina sauraron motsinta. Na sayo tazargade da habbatus sauda na zuba a garwashi, na lulluɓe ta da zane tana ta tari. Na nemo karatun ruƙiyya a waya na ajiye mata a gefen matashi. In ta tsaya cak ta ɗaga hannu sai in ce yanzu za ta faɗi. Ba ta faɗi ba, amma hakan bai ba ni sauƙi ba, don ita ma ƙanwata ba da faɗuwa ta fara ba. Wata safiya ta ga randa ta yi ƙasa, ta ɗauki guga ta nufi rijiya don ta taimake ni. Na hango ta a bakin rijiyar ta duƙa. Ihun da na kurma sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na fizge gugan daga hannunta na ce kada in ƙara ganinta ta taɓa ruwan gidan nan. Ta koma ɗaki.

Na daina cin abincin kirki. Ƙuli ya yi ta ƙonewa a hannuna har masu sari suka fara ƙorafi. Na ɗauki waya zan kira tsohuwa a Mashegu, na ajiye, don na san abin da dangin miji za su ce: daga gidansu uwar ta gado. Ni ma kuma abin da nake gaya wa kaina ke nan.

Maigida yana can Bangi wajen awon wake. Da ya dawo na tare shi tun bai cire hula ba. Ya ji ni har ƙarshe, ya ce, "Mi? Ɗiyar ga? Ke dai tsoro ya yi miki yawa." Amma na ga ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakinta, don ya san labarin ƙanwata. Washegari ya sayo kwalbar man zaitun ya kai ni wurin tsohon limamin masallacin layinmu.

Malam ya saurare mu yana jan carbi. Bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Ya tambaya ko ta taɓa faɗuwa, na ce a'a. Ko tana surutai, na ce a'a. Ya ce kumburin wuyan nan a kai ta asibiti a duba, wannan ba aikinsa ba ne. Sannan ya karɓi kwalbar ya yi tofi a ciki, ya miƙo mini.

"Ki tsefe kan duka, ki shafa har fatar kai, kina bisimilla. Da hannunki."

Na sunkuyar da kai. "Malam, 'yar fari ce."

"Kakarta tana nan?"

"Tana Mashegu."

"To ke ce ke nan, ɗiyata. Kunya ba za ta shafa mata mai ba."

Da hantsi na yi shi, bayan ƙannenta sun tafi makaranta, maigida ya fita. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ta fi faɗawa, tunda an ce ba su son haske. Na ɗaura wani tsohon farin zane. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban tabbatar da ƙarshensa ba. Na ce, "Ke, zo nan." Ta zo ta tsaya. Na nuna mata cinyata. Ta kalle ni, ta kalli cinyar, kamar na nuna mata kujerar gwamna. Da ƙyar ta zauna ta ɗora kan, wuyanta a sandare, ba ta yarda ta sakar mini nauyinsa ba.

Na kama kitson bayan kunne na fara tsefewa. Wani ɗan wari ya taso, irin na ƙurji. Fatar wurin duk ta yi ja, ga ɓawon ƙuraje inda ta riƙa sosawa da farce a ɓoye. A jikin silin gashin kuwa wasu 'yan farare ne jere, kamar an barbaɗa riɗi. Na hura, ba su tashi ba. Na kaɗe, ba su faɗo ba. Ina cikin wannan sai wani abu ya faɗo a kan farin zanen. Ya ɗan tsaya, sannan ya kama tafiya abinsa, a hankali, cikinsa ya yi duhu da jini.

Na bi shi da ido. Na san shi. Wa ya tashi a ƙauye bai san shi ba? Mun sha fama muna yara, Innarmu ta jera mu a inuwa tana bin kawunanmu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauke shi na ɗora a farcen babban yatsa, na danne da ɗayan. Ƙas.

"Ƙwarƙwata," na ce. Na sake buɗe wani kitson, ga wata, ga wata. "Ƙwarƙwata ce! Alhamdu lillahi, ƙwarƙwata ce!"

Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ba a iya tsayarwa, hawaye yana zuba a kan gashin yarinyar. Wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar Asabar ɗin nan, kai, tun ranar da aka ɗauko ƙanwata daga rafi, na ji ya sauka. Ban taɓa jin sanyi a rai irin na wannan hantsin ba. Yarinyar ta ɗago a tsorace.

"Anti, ki yi haƙuri. Ina wanke kaina, wallahi."

"Dama kin sani?"

"Na sani. 'Yan ajinmu da yawa suna da ita." Ta fara kuka. "Na zaci ke ma kin sani. Na zaci shi ya sa kike mini hayaƙi, kika hana ni taɓa ruwa da girki."

Wannan maganar ta tsayar mini da dariyar. Ashe duk kwanakin nan a ganinta ƙyamarta nake. Na mayar da kan a cinyata na ce mata ba ƙazanta ke kawo su ba, ni ma na yi, kakarta ma ta yi, duk mai gashi yana iya yi. Sauran maganar ban iya gaya mata a ranar ba. Amma na ji wuyan ya saki, nauyin kan ya sauka a ƙafata.

Ban iya haƙura ba sai da na je wa mai kitso. Tun daga bakin layi na ɗaga murya, "Maman 'yan biyu! Ashe ƙwarƙwata ce!" Matan da ke zaune suka zabura, kowace ta dafe ɗankwali. Ita kuwa ta saki tsinke ta rufe baki da hannu biyu, ta jawo ni bayan ɗakin girkin nan.

"Haba, Maman yarinya! Za ki kore min mutane! Ba na gaya miki ba?"

"Kin ce baƙi!"

"To me zan ce?"

Ashe farkon zuwanta garin wata Hajiya ta kawo mata 'yarta, ta ga abin, ta faɗi sunansa ƙarara yadda ta koya. Hajiyar ta zage ta tas, ta ce 'yarta ba ƙazama ba ce, mai kitson ce ta sa mata da matajinta, ta bi gida-gida tana ɓata ta. Tun daga ranar ta rantse sunan nan ba zai sake fitowa daga bakinta ba. Ta nemo kalma mai ladabi, kuma duk wadda ta gaya wa tana ganewa, sai ni. Da na faɗa mata su wane ne baƙi a gidanmu, ta riƙe ciki ta yi ta dariya har ta zauna a kan turmi. Da na kai kan ƙanwata sai ta daina dariya, ta kama hannuna ta ce, "Sannu. Da na sani da na faɗa, ko za ki zage ni."

Maigida da ya ji, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce, "Shi ke nan? Wanga ɗan abu?" Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da gorar maganin da yake fesa wa wake. Wai fesa ɗaya, a ɗaure da leda, gobe ba sauran mai motsi. Na tambaye shi ɗiyarsa ce ko buhu. Ya ce to a zuba kananzir. Na ce ita da ke hura wuta? Ya ce to a kira wanzami a aske. Nan yarinyar ta ruga ɗaki da kuka, don gashinta har kafaɗa yake, irin na kakarta. Na ce ba mai taɓa gashin nan, ya mayar da gorarsa inda ya ɗauko, gobe asibiti za mu kamar yadda Malam ya ce.

Nas ɗin da ta duba mu ta latsa kumburin ta ce kaluluwa ce, ƙurajen susa ne suka tayar da ita, in sun warke za ta sauka. Da na ba ta labarin maganin wake ta ajiye biro ta ce in ƙara gode wa Allah. Ana kawo musu yaran da aka yi wa haka, ta fata gubar ke shiga, balle fatar da ke da ƙuraje. Ta rubuta mana maganin ƙurajen da wani na shafawa a gashi, ta ce mu saya a kemis. Masu motsi za su mutu, amma ƙwan yana da taurin kai, sai an maimaita bayan kamar mako guda, kuma a yi ta tajewa da mataji mai ƙananan haƙora. Ta ce ba sa tashi sama, ba sa tsalle, rarrafe kawai suke daga kai zuwa kai, ko su bi hijabi da ɗankwali da matashi. Sai na tuna yadda 'yan Islamiyya ke haɗa kai a kan littafi ɗaya, da hijabansu da duk kala ɗaya ne, in an tashi daga wasa kowa ya ɗauki wanda ya samu.

A ranar, tukunyar da nake tafasa ruwan ƙuli ita ta yi aiki. Hijabai da ɗankwalaye da rigar matashi da zanen gado duk sai da suka sha ruwan zafi, suka sha rana, suka sha guga. Katifar tsohuwa muka fito da ita tsakar gida. Ƙannen aka yi musu aski ƙwal. Man zaitun ɗin Malam ma bai tashi a banza ba, shi nake shafawa kafin in taje, ƙwan ya fi saurin zamewa. Na kuma bi gidajen ƙawayenta na gaya wa iyayensu, da sunan abin, ba wani baƙi. Wasu sun gode. Ɗaya ta daina amsa gaisuwata har bayan sallah, wannan kuma ita ta sani.

Daga nan ya zama kullum da la'asar, in na sauke kasko, sai tabarma da farin zane da kanta a cinyata. Ƙwan sai an bi sili-sili an zare da farce, aikin ba ya son gaggawa. A nan na san tana da tabo a ƙeya, wai daga kan turmi ta faɗo tana ƙarama, kakarta ta ɓoye mini. A nan na san tana da surutu. Ashe yarinyar nan ta iya kwaikwayon muryar kowa a layinmu, har da tawa in ina ciniki da masu sari. Barcinta ya dawo, kumburin ya sauka. Wani lokaci ina cikin tajewa sai in ji numfashinta ya canza, barci ya ɗauke ta, ƙafata ta yi tsami amma ba na motsawa. Nakan tuna gashin ƙanwata da ya dunƙule don ba mai taɓawa. Ba abin da zan iya yi mata yanzu sai addu'a, kuma ina yi, hannuna yana cikin gashin 'yata.

Gargaɗin mai kitso ma ya tabbata. Wata rana na ji kaina yana ƙaiƙayi, na bubbuga ta saman ɗankwali. Yarinyar ta kalle ni ta ce, "Anti, kawo in gani." Muka yi musaya, ni a ƙasa ita a kan kujera. Ba a jima ba na ji ta yi ƙara don murna.

"Anti, ke ma kin yi baƙi!"

Na ce ta yi musu sannu da zuwa ta kashe. Muka raba sauran maganin.

Tun kafin a girbe masara suka ƙare. Mai kitso ta duba da kanta ta ce babu ko ɗaya, ta yi mata ƙananan nan nata masu kyau. Amma ban naɗe tabarmar ba. Duk lokacin da kitso ya tsufa ni ke tsefewa, in ce sai na duba tukuna, an ce suna da naci. A haka tsohuwa ta dawo daga Mashegu da doyarta ta same mu. Ta tsaya a bakin zaure tana kallo.

"Iye! Yaushe aka fara wannan rashin kunyar a gidan nan?"

"Duba nake, Iya. Ƙwarƙwata ta yi."

"Yaushe?"

"Da damina."

Ta ɗaga kai ta kalli mangwaron gidan da har ya fara nuna. Ta kalle ni. Ta ce, "To, duba da kyau," ta wuce ɗakinta.

Yanzu ta girma, tana karatu a wani gari. Har yanzu Anti ce ni, har yanzu "ke" ce ita. Labarin ƙanwata na gaya mata da ta yi hankali, ta ji har ƙarshe ba ta katse ni ba. In ta zo hutu, bayan ta ci abinci ta gaisa da kowa, sai ta zagayo bayan gida inda nake suya, ta tsaya ta bubbuga kanta ta saman ɗankwali.

"Anti, kamar ina jin ƙaiƙayi. Ko za ki duba mini?"

Sai in sauke kasko in ce ta ɗauko tabarma. Ban taɓa samun komai ba, amma sai na bi kan nan kaf, tun daga goshi har ƙeya.